Baffa Iro da Hanyar Jigawar Bagayi

Kwas! Ƙarar da na ji ke nan a cikin farantin da nake tsintar shinkafa, wata safiyar Laraba. Na duba, sai ga wani ɗan baƙin abu kamar farcen babban yatsa kwance a kan shinkafata. Na ɗaga kai, sai ga Baffa Iro tsaye a kaina, hannuwa a baya.

Ku da kuka san shi kun san bai taɓa miƙa wa mutum abu a hannu ba. Duk abin da ya kawo maka, cikin aikin da kake yi zai jefa shi. Na taɓa tsamo goro daga ruwan wanki. Na taɓa zaro katin ɗaurin aure daga cikin garin tuwo. In an yi masa magana sai ya ce abin da aka ba mutum a hannu ajiyewa yake yi ya manta, amma wanda ya faɗa masa cikin abinci dole ya kula shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsu Hajara aka sa mini, kuma har ya koma ga Allah bakinsa bai furta sunan nan ba. "Wannan ɗan abin da kike gani, ƙasar Turawa ce gaba ɗayanta a ciki. So nake a zubar da ita a zuba tamu."

"Ina kwana, Baffa."

"Lafiya lau. A zubar da ita."

Katin taswira ne na motarsa. Babban ɗansa, Yaya Sani da ke aiki a Kaduna, shi ya sayo masa motar, ta hannu, daga ƙasar waje, bayan Baffa ya yi ritaya daga aikin allurar dabbobi. A gabanta akwai wani allo kamar ƙaramar talabijin mai nuna hanya, da muryar wata mata tana faɗin inda za a bi da Turanci. Ni kuma laifina kawai na gama sakandare kuma gidana yana bayan nasa.

Na ce, "Baffa, kai da ka yi shekara talatin kana bin rugage a kan babur, daga Mashi har bakin iyaka, wace hanya ce wannan abar za ta koya maka?"

Ya ce, "Ni? Ni zan koya mata."

Sai ya zauna a kan turmi ya yi mini bayani. Yayarsu Gwaggo Dije tana can ƙauyenmu na asali, Jigawar Bagayi, gaba da Zango. Idonta ya tafi, ta kuma rantse ba mai raba ta da ɗakinta. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Baffa zai kai mata sukari da ganyen shayi da man zafi, ya zauna su yi faɗa na awa ɗaya, ya dawo. 'Ya'yansa biyu kuwa, Yaya Sani da Aminu na Kano, duk lokacin da suka zo gida aka ce su je su gaishe ta, sai su ce, "Baba, ai ba mu san hanya ba."

"Ran da na mutu," in ji Baffa, "ba na son wani ya ce bai san hanya ba. So nake motar ta sani. In ya so a nemi wani uzurin."

Ya faɗa ne kamar mai maganar farashin dusa.

Muka fita ƙofar gida ya tayar da motar. Allon ya kawo wata 'yar kibiya a tsakiyar fili fetal, ba titi ba gari. Matar ta yi magana.

"Me ta ce?"

"Ta ce mu juya idan hali ya yi."

"Gaya mata hali bai yi ba."

Ko motsi fa ba mu yi ba tukuna.

Kafin a je ko'ina sai da aka warware wata mas'ala. Baffa ya ce shi ba zai riƙa keɓewa a mota da matar da ba muharramarsa ba, daga Daura har Zango, a wannan zamani da kowa ya san hukunci. Ya kai maganar gaban limamin unguwarmu bayan la'asar, gaban jama'a. Liman ya danne dariyarsa ya ce, "Alhaji, ai ba mace ba ce, murya ce kawai." Baffa ya ce, "Malam, ai muryar ce matsalar."

Na yi ta latse-latse har na gano ana iya mayar da muryar ta namiji. Na yi murna, na kunna masa. Wani mutum mai kaurin murya ya ce mu juya idan hali ya yi. Baffa ya kalli allon, ya kalle ni.

"Wane ne wannan?"

"Shi ne namijin, Baffa."

"Ƙato ya zauna a motata yana ba ni umarni? Dawo da ita."

Aka ce to matarsa Hajiya Ladi ta riƙa raka shi, ta ce gwiwoyinta ba za su iya tuƙin Baffa ba, don mai keke ma wuce shi yake yi yana yi masa sannu. Shi ke nan hukunci ya faɗo kaina. Ya je har wurin maigidana ya nemi izini da kansa. Abban yara ya ce, "Ki je, ladan zumunci ne." Daga ranar na zama muharramar mota, kuma tafinta.

Sauya taswirar aikin Oga Emeka ne, mai shagon kayan gyaran mota kusa da tasha. Ya fi shekara ashirin a Daura, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari, kuma shi kaɗai yake kiran Baffa da Baba Likita ya amsa. Ya ce sai an sauke taswirar ƙasarmu a kwamfuta, a zuba a katin, sannan a loda wa mota. Saukewar kaɗai ta ci mako uku. Yau an ɗauke wuta, gobe babu sabis, jibi ta kusa ƙarewa ta koma farko. Kullum da safe Baffa zai tsaya a ƙofar shagon ya ce, "Emeka, ƙasar ta iso?" Shi kuma ya ce, "Tana hanya, Baba Likita." Baffa ya ce, "Da a jaki aka ɗoro ta da ta iso."

Ran da ta iso, Emeka ya zo har ƙofar gida ya sa katin, ya tayar da mota. Wani siririn layi ya fito a allon yana ja da ciki kamar tsutsa.

"Baba Likita, wannan layin sai ya kai ƙarshe. Zai yi awa biyu ko fi. Don Allah, don Annabi, kar ka kashe motar. Ko gobara ake yi, kar ka kashe."

"Awa biyu a tsaye?"

"A tsaye."

"Tana shan mai?"

"Tana shan mai."

Emeka ya koma shago. Ni ina kujerar gaba ina gadin layi. Baffa ya zauna a kan dakali yana sauraren injin kamar mutumin da ake cin tuwonsa a ɗaya ɗakin. Ku tuna, wannan mutumin ne da yake raba ashana biyu da reza. Ya tashi ya zagaya motar. Ya leƙo ya duba allurar mai. Ya yi istigfari. Ya koma ya zauna.

"Uwata, ina ta kai?"

"Ba ta kai rabi ba, Baffa."

Ya ciro carbi. Bai ja ƙwaya goma ba ya sake tashi.

"Yanzu fa?"

"Tana nan inda take."

"To ai gajiya ta yi. Bari ta huta."

Kafin in buɗe baki ya murɗe makulli. Tsit!

Da aka sake tayarwa, matar ta dawo da wani yare da ba Turanci ba, ba Faransanci ba, don Baffa ya ɗan iya na mutanen Nijar. Allon kuwa shuɗi ne daga sama har ƙasa, 'yar kibiyarmu a tsakiya.

"Ina muke, Uwata?"

"Cikin teku, Baffa."

Ya leƙa ta taga ya kalli awakin maƙwabta suna cin ɓawon kankana. Ya ce, "To, Allah ya fitar da mu lafiya."

Emeka da ya zo ya gani, hannu biyu ya ɗora a ka. "Baba Likita, me na ce maka?"

"Ka ga fushi ta yi," in ji Baffa. "Ka ba ta haƙuri da yarenku."

Karo na biyu Baffa ya zo da tasa dabarar. Tunda dole inji ya yi ta aiki, to ba za a ƙona mai a banza ba, tafiya za a yi. Muka ɗauki hanyar Zango da hantsi, layi yana ja da ciki. Duk wanda muka gani a bakin titi sai Baffa ya tsaya ya ce shigo. Mata masu ƙwaryar nono, wani mai buhun gyaɗa, wani da ɗan akuya a kafaɗa. Mu kai Zango mu juyo, mu kai Daura mu juya. Sawu huɗu! 'Yan tasha suka fara harararmu, don mun kwashe musu fasinja kyauta. Wata tsohuwa da muka ɗauka tun sawun farko ba ta sauka ba har na uku. Na ce, "Iya, ina za a sauke ki?" Ta ce, "Ni ba inda za ni, 'yar nan. Sanyin motar nake sha."

Azahar ta same mu a hanya. Ba halin kashe mota. Baffa ya tsaya a gindin wata bishiyar darbejiya, ya bar injin yana aiki, ya yi alwala ya tayar da salla. Allah ya yafe mini abin da zan faɗa, amma tunda nake ban taɓa ganin Baffa ya yi salla da gajerun surori ba sai ranar. Yana sallamewa ya ce, "Yi taki, Uwata, Allah yana son mai himma."

Da yamma Abban yara ya ce masa, "Baffa, ai man da kuka ƙona yau ya ninka na tsayuwar sau nawa." Baffa ya ce, "Amma an yi tafiya da shi."

Layin dai ya kai ƙarshe, muna daidai shiga gari. Allon ya yi duhu, ya dawo, sai ga Daura! Ga titunanta, ga hanyar Mashi, ga hanyar Zango, har Kusugu ga ta nan an rubuta. Matar ta dawo Turancinta. Baffa ya gyara zaman hularsa ya ce mata, "Sannu da zuwa. Ya hanya?"

Ran Juma'a muka tafi gwaji. Har Zango lafiya lau, tana faɗi ina fassarawa, Baffa yana cewa, "Haka ne. Ta yi gaskiya. Yarinyar tana da ƙwaƙwalwa." Muna sauka daga kwalta muka shiga yashi, sai allon ya koma fetal. Daga nan har ƙofar Gwaggo, abu ɗaya take maimaitawa, mu juya idan hali ya yi.

Baffa ya tsayar da motar a tsakiyar gari ya aika a kira mai unguwa da dattawa. Suka zo ɗaya bayan ɗaya suna leƙawa ta taga.

"Kun gani? Nan ne nan. Gida goma sha huɗu, masallaci, rijiya biyu, maƙabartar da iyayenmu suke kwance. An ce babu."

Mai unguwa ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Ikon Allah. Har masallacin?"

"Har masallacin."

Aka kai wa Gwaggo Dije labari tana zaune a tabarmarta. Ta ce, "Iro, tun kana yaro ba ka da aiki sai neman magana. Ka bar mu haka. Wanda bai san muna nan ba, ba ya zuwa mana aron turmi."

"Dije, don ke fa nake wannan wahalar."

"Na aike ka? Ina sukarina?"

Ya jefa mata shi cikin ƙwaryar auduga da take tsinta da lalube.

Shekara biyu muka yi ana sabunta katin nan. Duk bayan 'yan watanni Emeka zai ce wata sabuwar taswira ta fito, a sauke, a loda, mu yi sawun Zango. Kowace sabuwa sai ta zo da ƙarin otal-otal na Abuja da gidajen mai na Kano. Jigawar Bagayi dai shiru. Emeka ya ce masu zana taswirar ne ba su taɓa zuwa wurin ba. Baffa ya ce, "To su zo mana. Dije za ta ba su fura." Ya sa ni na rubuta musu wasiƙa shafi biyu da Turanci, har da tarihin wanda ya haƙa rijiyar farko. Da na tambaye shi adireshin da zan sa, ya ce in rubuta, zuwa ga masu taswira, ai sun san kansu.

A ƙarshe Emeka ne ya gaji ya nuna mana wata hanya. Ashe mutum yana iya dasa alama da hannunsa a duk inda ya tsaya, ya sa mata suna, na'urar ta riƙe, daga baya ta ja ka daga alama zuwa alama. Tabɗi! Wannan ranar Baffa ya sayi lemo ya jefa wa Emeka cikin kwalin kusoshi.

Rani guda muka yi muna dasa alamomi. Shi ke faɗin suna, ni ke rubutawa.

"Rubuta, inda jakin Tanko ya mutu."

"Baffa, su Yaya Sani ba su san Tanko ba, balle jakinsa."

"Za su tambaya. Tambayar ma zumunci ce."

Akwai kukar da ba ta da kyau. Akwai nan ba a gudu. Akwai gidan mutumin da ya hana a yi wa shanunsa allura, wanda Baffa ya ce a rubuta shi duka, kada a rage ko kalma ɗaya. Alama ashirin da uku daga kwalta zuwa ƙofar Gwaggo.

Da Sallah ta zo, 'ya'yan suka zo gida, Baffa ya ba Yaya Sani makulli, wato ya jefa masa cikin kwanon miya. Ya shiga baya ya naɗe bakinsa da rawani ya ce ba zai ce uffan ba. Ni ma ya hana ni magana. Yaya Sani yana tuƙi, Aminu yana karanta alamomi yana dariya har da hawaye. "Baba, wane ne wannan da ya hana a yi wa shanunsa allura?" Rawani bai motsa ba. Da muka tsaya a ƙofar Gwaggo, Baffa ya sauke rawanin a hankali ya ce, "Yanzu wane ne bai san hanya ba?"

Gwaggo ta shafa fuskokinsu ta ce sun yi ƙiba kamar 'yan siyasa.

A hanyar dawowa na ce masa a hankali, "Baffa, wannan fa hanyar rani ce."

Duk ɗan ƙauyenmu ya san wannan. Hanyar da muka dasa wa alamomi ta tsakiyar gonakin mutane ta bi. In an yi girbi kowa ya ratsa, ba mai hana ka. Ruwa na sauka kuwa a yi huɗa a shuka gero a kanta, hanya ta tafi sai wata kakar. Da damina sai a zagaya ta burtali, inda shanu ke bi, shi kuma burtali ba ya zama wuri ɗaya. In an yi ruwa jiya, ta hagun tafki ake bi. In an kwana uku ba a yi ba, a ratsa ta dama, ta kan tudu. In Fulani sun sauka a wani wuri, a sake lissafi.

Baffa ya ce, "Na sani. Na tambayi Emeka ko akwai inda ake rubuta mata, in an yi ruwa jiya. Ya ce babu."

"To yaya ke nan?"

"Sai su riƙa zumunci da rani," ya ce, ya juya kai yana kallon waje.

Da daminar da ta biyo baya ne, gero ya kai ƙirji, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana uku kacal. Ya hana a gaya wa Gwaggo, ya ce ran Juma'a zai je da kansa ya gaya mata ya yi ciwo ya warke. 'Ya'yansa suka iso ran Alhamis. Ran Juma'a bayan sallar asuba Allah ya karɓi abinsa. Aka yi masa salla bayan an sauko daga masallaci, aka kai shi.

Sai maganar Gwaggo. Waya ba ta shiga garin, in ma ta shiga, saƙo ne zai zo maka ana yi maka maraba da zuwa Nijar. Ga shi ranar Juma'a, daidai lokacin da take jiransa. Dole a je a gaya mata kafin ta ji a bakin wani ɗan acaɓa. Yaya Sani ya ce shi da Aminu za su je, ai motar ta san hanya. Hajiya Ladi daga cikin ɗaki ta ce, "Ku tafi da Hajara. A samu macen da za ta riƙe ta."

Muna fitowa muka tarar da Emeka a zaure ya zo gaisuwa, idonsa jawur. Ya ce wa Yaya Sani, "Watan jiya Baba Likita ya ce mini in daina wahala, hanyar damina ya riga ya loda ta a wani wuri. Ka duba cikin motar, wataƙila akwai wani katin."

Ba mu samu kati ba, kuma lokaci yana tafiya. Muka bi alamomi. Daga kwalta muka wuce nan ba a gudu, muka wuce kukar da ba ta da kyau. A inda jakin Tanko ya mutu, hanya ta ƙare. Gero ne kore shar a gabanmu, kamar katanga. Matar ta ce mu ci gaba kai tsaye.

Wani manomi ya fito daga ciki da fartanya a kafaɗa. Yaya Sani ya yi masa sallama ya ce, "Baba, ina hanyar Jigawar Bagayi?"

"Ga ta nan, ƙarƙashin gerona. Ku dawo bayan girbi."

Aminu ya fito da waya, aka yi masa maraba da zuwa Nijar. Yaya Sani ya sake zazzage aljihun mota, ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya leƙa ƙarƙashin kujera. Ba komai sai guntayen ashana da aka raba biyu. Ya dafe sitiyari ya sunkuyar da kai. Matar ta sake cewa mu ci gaba kai tsaye.

Sai na ji bakina ya ce wa manomin, "Malam, yaushe rabonku da ruwa a nan?"

"Jiya da yamma, mai ƙarfi."

"To Yaya Sani, kashe muryar matar nan. Koma da baya har gindin kuka, ka karya hagu. Ta hagun tafki za mu bi."

Suka juyo suna kallona. Ni ma kallon kaina nake yi. Sai a lokacin na tuna cewa damina uku ke nan, duk ran da muka shiga burtali, Baffa yakan rage muryar matar ya ce, "Uwata, tsufa ya fara cin kaina. Ina za mu bi?" In na faɗa daidai ya yi shiru. In na kuskure ya bi inda na ce, mu kafe a taɓo, ya fito ya tsaya yana kallon sama har sai an taru an tura mu, sannan ya ce, "To, yanzu ina za mu bi?" Wallahi tausayinsa nake ji a lokacin. Har addu'a nake yi masa Allah ya dawo masa da tunaninsa.

Na kai mu. Ta hagun tafki, ta bayan rugar da ta sauka bana, ta tsakanin gawo biyu inda ƙasa ke da tauri. Ko sau ɗaya ba mu kafe ba.

Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗakinta, an shimfiɗa tabarma biyu. Yaya Sani ya kawo motar har gabanta sannan ya kashe. Shi kuwa Baffa tun daga rijiya yake kashe inji, ya bar motar ta gangaro da kanta. Tun ba mu buɗe ƙofa ba muka ji muryarta.

"Wane ne ya zo da motar Iro yana ƙona masa mai har ƙofar gida?"

Na je na durƙusa na kama hannuwanta. Ta shafa fuskata, ta ji ta a jiƙe. Sai ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya riga ni, ɗan neman magana." Muka roƙe ta ta biyo mu Daura zaman makoki. Ta ce a nan aka haife shi, a nan za ta karɓi gaisuwarsa.

Ya Allah ka jiƙan Baffa Iro, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa. Bai taɓa barin 'yar'uwarsa ta jira a banza ba, ya Allah kar ka bar shi shi kaɗai. Ka sada shi da mahaifiyarsa da ya yi ta girmama sunanta a kaina. Ka ba mu ikon riƙe abin da ya bar mana. Amin.

Rana ta yi sanyi muka tashi tafiya, don mu fita daga burtali da sauran haske. Zan shiga mota ke nan na ji an ja gefen hijabina. Wata 'yar tattaɓa-kunnen Gwaggo ce, ba ta fi shekara biyar ba, da majina da guntun rake a hannu. Na sunkuya. Ta ce:

"Su Kawu sun ce ke ce kika san hanya. To ran Juma'a ki zo da wuri. Kaka tun safe take sa a shimfiɗa tabarma."